Kafin ka danna Export: yadda ake kammala jagorar tarin takardu a ArchivesSpace

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina magana da ku ne daga ɗakin aiki na wata ma'adanar tarihi a nan Amurka, kuma abin da ke gabana a allo shi ne ArchivesSpace, manhajar tsara bayanan takardun tarihi da ta fito a 2013 bayan an haɗe tsofaffin manhajoji biyu, Archivists' Toolkit da Archon. Mun riga mun tsara tarin takardun nan, an sa su a akwatuna, an rubuta bayaninsu rukuni-rukuni. Abin da ya rage shi ne a kammala jagorar bincike, wato takardar da mai nazari zai karanta ya san me ke cikin tarin da akwatin da zai nema, sannan a fitar da ita. Ku riƙe magana ɗaya tun daga farko: abin da ma'aikaci yake gani a allonsa daban, abin da zai fita a fayil daban. Yawancin ɓarnar da ake yi a wannan mataki daga nan take fitowa.

Mu fara daga sama. Manhajar ba za ta bari ka adana babban shafin tarin ba sai da take, lambar shaida, matakin bayani, harshe, kwanan wata da kuma yawan kayan. Amma cika waɗannan shida bai sa jagora ta kammalu ba. Ƙa'idar DACS ta rubuta bayanin takardun tarihi, wadda ake bi a nan Amurka tun 2004, tana buƙatar ƙarin abubuwa: sunan wanda ya samar da takardun idan an san shi, bayanin abin da tarin ya ƙunsa, da sharuɗɗan ba da izinin dubawa. Manhajar ba za ta yi maka ƙorafi ba idan ka bar su. Ko da tarin a buɗe yake ga kowa, rubuta hakan a fili da jimla ɗaya, domin shiru a wannan gurbi yana sa mai nazari ya yi ta aiko da tambaya.

Kwanan wata yana da gurbi iri biyu, kuma a nan mutane ke yawan tuntuɓe. Ga Expression, inda kake rubuta abin da ido zai karanta, kamar 1958 zuwa 1974. Ga kuma Begin da End, waɗanda na'ura ke karantawa, a tsarin shekara, wata, rana. Idan ka cika na farko kaɗai, jagorar za ta yi kyau a ido, amma wanda ya tace bincikensa da shekara ba lallai ya ci karo da tarinka ba. A ƙarƙashin maɓallin More akwai Calculate Dates, wanda ke bin dukkan rukunonin ƙasa ya ciro shekara mafi tsufa da mafi kusa. Shi ma daga Begin da End yake lissafi, saboda haka folda ɗaya da aka buga wa 1874 maimakon 1974 za ta ja farkon tarin gaba ɗaya baya har zuwa 1874. Idan sakamakon ya ba ka mamaki, kada ka karɓa, sauka ka nemo foldar.

Yawan kaya kuma, a nan da ƙafa ake auna tsawon da akwatuna suka cinye a kan kanta. Akwatin takardu mai faɗin inci 5 ana lissafa shi 0.42, don haka guda goma sha biyu sun kama ƙafa 5. Rubuta adadin akwatunan a gurbin Container Summary, sannan ka tashi ka je ka ƙirga su da idonka.

To, yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato maganar Publish. Ku dubi wannan ɗan gurbin da ake sa wa alama. Babban shafi yana da nasa. Kowane rukuni, kowace folda, kowane bayani da ka rubuta, har sassan cikin bayanin, kowanne da nasa. Sunan mutum ko hukuma da ka haɗa da tarin shi ma da nasa. Ga rukuni na uku, babu alama a kansa, amma foldoji ashirin da ke ƙarƙashinsa duk an sa musu. A shafin da jama'a ke gani, duka ashirin ɗin ba za su bayyana ba, domin uwar ta ɓuya da 'ya'yanta. Ga kuma bayanin tarihin mai takardun: saman yana da alama, amma rubutun cikin babu, sai ka samu kanu ba tare da komai a ƙasansa ba.

Akwai maɓallin Publish All da ke sa wa komai alama lokaci guda. Yana rage aiki, amma ni a ganina kada a taɓa shi sai an bi bayanan ɗaya bayan ɗaya, domin ba ya bambanta bayanin da aka rubuta wa jama'a da wanda ma'aikaci ya rubuta wa abokin aikinsa. Irin "a tambayi iyalan kafin a buɗe wannan folda, akwai takardun asibiti a ciki" zai fita fili tare da sauran. Maganar cikin gida tana da wurinta, Repository Processing Note, wanda ba ya fita a fayil. Kuma babu wani maɓalli da ke mayar maka da alamomin yadda suke kafin ka danna.

Sai sashen Finding Aid Data. EAD shi ne tsarin fayil na XML da ake fitar da jagora a cikinsa. Sa EAD ID, wato lambar shaidar fayil ɗin, kuma ka guji tazara ko wata alama ta daban a cikinsa, domin wasu rumbunan da ke tattara jagorori daga ma'adanai na tarihi da yawa da shi suke gane fayil ɗinka. Cika taken jagorar, sunan wanda ya tsara ta, shekarar, ƙa'idar da aka bi, da harshen da aka rubuta jagorar da shi, wanda ba dole ne ya zama harshen takardun ba. Takardu na iya zama na Hausa, lambar harshensu hau, rubutunsu na ajami, wato Arab, alhali jagorar da Turanci take da rubutun boko, wato Latn. Mayar da matsayin daga In Progress zuwa Completed. Idan gyara ne kake yi wa tsohuwar jagora, ƙara Revision Statement da kwanan wata da abin da ya canza. Adana.

Yanzu mu buɗe Export. Kusa da Download EAD akwai zaɓuɓɓuka. Include unpublished, idan ka bar alama a kansa, duk abin da ka ɓoye zai shiga fayil ɗin, sai dai a liƙa masa alamar audience="internal". Wannan alama roƙo ce kawai ga manhajar da za ta karɓa, rubutun yana nan, duk wanda ya buɗe fayil zai karanta. Don ajiyar cikin gida, bar ta. Don aika wa waje, cire ta. Zaɓin DAO shi ne ke ɗauko mahaɗan abubuwan da aka ɗauki hotonsu aka sa a kwamfuta. Zaɓin lambobin c yana sa matakan su fito a matsayin c01, c02 har zuwa c12, kuma nan ya tsaya, tsarin bai san na goma sha uku ba. Na ƙarshe shi ne EAD3, sabon tsarin EAD, wanda ya fito a 2015. Kada ka zaɓe shi don kawai shi ne sabo, wurare da dama har yanzu EAD 2002 suke karɓa, tambayi wanda za ka aika wa.

Fayil ya sauko. Buɗe shi a manhajar duba XML irin su Oxygen, ka gwada shi da tsarin EAD da ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ke ajiyewa a shafinsa. Ga jan layi nan a layi na ɗari biyu da wani abu: an buɗe alamar emph don karkata sunan wata jarida, ba a rufe ta ba. Sauran masu laifin da aka saba kamawa su ne alamar & ita kaɗai a cikin bayanin da ke ɗauke da alamomin XML, da ɓoyayyun haruffan da ke biyo rubutun da aka kwafo daga Word. Kada ka gyara a cikin fayil ɗin. Koma manhajar ka gyara a can, ka sake fitarwa, in ba haka ba kuskuren zai dawo a fitarwa ta gaba. Daga nan nemi kalmar internal a cikin fayil ɗin. Idan na waje ne, bai kamata ka same ta ko sau ɗaya ba.

Generate PDF kuwa a bayan fage yake gudana, sai ka je Background Jobs ka ɗauko. Da yake daga EAD ake gina shi, kuskuren da ya lalata wancan shi ne zai kashe wannan, kuma rahoton aikin yakan nuna inda ya tsaya. Idan ya fito, duba haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, da duk wani rubutun Larabci. Idan salon rubutun da aka sa wa sabar, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, bai ƙunshe su ba, za ka ga alamar # a madadinsu. Wannan ba naka ba ne, na mai kula da sabar ne, shi zai ƙara salon rubutun da ke da su.

MARCXML, wani nau'in fayil da ake fitarwa daga Export, na kundin ɗakin karatu ne, kuma babban shafi kaɗai yake ɗauka: take ya tafi gurbi na 245, yawan kaya 300, sharuɗɗan dubawa 506, bayanin abin da ke ciki 520. Jerin foldoji ba ya shiga, don haka kada ka neme shi.

Saura dubawar ƙarshe. Jira kamar minti ɗaya, domin sashen bincike na manhajar ba nan take yake kama canji ba, sannan ka buɗe shafin jama'a a wata tagar da ba ka shiga da sunanka ba. Zaɓi foldoji uku daga wurare daban-daban, ka rubuta lambar akwati da ta folda kamar yadda jagorar ta faɗa, ka je kanta ka ciro su. Bari in ɗauki takarda, mu fara da akwati na 7, folda ta 14.