Wilda Gafney da Matan da Nahawu Ya Ɓoye

Saratu: Jama'a barkanmu da sake saduwa. Yau Amurka muka nufa, wajen Farfesa Wilda Gafney, masaniyar Tsohon Alkawari kuma firist a Cocin Episkofal, wato reshen Angilikan na can. Baba Bulus, daga ina za mu kama?

Bulus: Daga karatunta mana. An haife ta a 1966. Ta yi digirin tauhidi a Jami'ar Howard a 1997, ta kammala digirin digirgir a Jami'ar Duke a 2006. Ta koyar a makarantar tauhidi ta Lutharan a Filadelfiya, a 2014 ta koma makarantar Brite da ke Fort Worth a jihar Texas. Har aikin limamin sojoji ta taɓa yi.

Saratu: Ana kiranta "womanist". Anti Rifkatu, mene ne wannan kuma?

Rifkatu: Marubuciya Alice Walker ce ta yaɗa kalmar a 1983. Baƙaƙen matan Amurka sun ga fafutikar fararen mata ba ta taɓo launin fata da talauci ba, ta mazajensu kuma ta manta da mata. Sai suka ce za su yi karatu da idonsu. In sun buɗe nassi tambayarsu ita ce: wace ce baiwa a nan, wa aka hana magana?

Bulus: Amma kada a ɗauka da ra'ayi take farawa. Da nahawun Ibrananci take farawa. Ɗauki littafinta na 2008, Daughters of Miriam. Mata biyar Tsohon Alkawari ya kira annabiya: Maryamu, Debora, Hulda, Nowadiya, da wadda ba a faɗi sunanta ba a Ishaya 8:3. To, a Ibrananci ko mata tara ne da namiji ɗaya, jam'in maza ake yi musu. Saboda haka duk inda ka ga "annabawa", ba ka da hujjar cewa maza ne zalla.

Saratu: Ashe kuskuren daga mai karatu yake.

Bulus: Da mai fassara. Mu da Hausa "su" ba ya bambance jinsi, amma da an ce annabawa, gemu mutum yake hangowa.

Rifkatu: Ni Hulda ce ke tsaya mini a rai. Ku duba 2 Sarakuna 22. An tsinci littafin shari'a a Haikali a shekara ta 18 ta sarautar Yosiya. Sarki ya yage tufafinsa, ya aiki babban firist Hilkiya da magatakarda Shafan su nemi nufin Ubangiji. Irmiya na raye a lokacin, amma gidan Hulda suka nufa, matar mai kula da tufafi. Ita ta tabbatar musu da maganar littafin. Sau nawa aka yi mana wa'azi a kanta?

Saratu: Da wuya kam. To, littafin Gafney na 2017, Womanist Midrash, fa?

Rifkatu: Midrash hanyar malaman Yahudawa ce ta cike gurbin da nassi ya bari. Gafney sai ta haɗa ta da salon masu wa'azi baƙar fata, waɗanda kan sanar da jama'a cewa yanzu da tsarkakakken tunaninsu za su yi magana. Tana fassara ayar da kanta, ta bi kalma ɗaya-ɗaya, ta ji abin da malaman dā suka ce, sannan ta ƙara nata, tana nuna iyakar. Dubi Bilha da Zilfa. Bayi ne da Rahila da Lai'atu suka miƙa wa Yakubu, ba wanda ya nemi yardarsu. Su suka haifi Dan, Naftali, Gad da Ashiru, kabilu huɗu cikin goma sha biyu. Ga jikar bayi a Amurka wannan ba tatsuniya ba ce.

Bulus: Haɗarin yana wajen iyakar nan. In mai wa'azi ya kwashi abin da ta ƙaga ya hau bagade ya ce "Littafi ya ce", ya ɓata aikin. Sharhi daban, aya daban.

Saratu: Akwai kuma batun Ruhu da ya jawo mata surutu.

Bulus: "Ruwak", wato Ruhu, tamace ce a Ibrananci, aikatau ɗin da ke biye da ita a Farawa 1:2 ma na mace ne. Shi ya sa take cewa "ita". Masu suka na cewa jinsin kalma ba jinsin Allah ba ne, kuma suna da gaskiyarsu: mu ma "rana" tamace ce, "wata" namiji. Sai dai wanda ya mayar da "ita" ta koma "shi" shi ma zaɓi ya yi, bai kuma faɗa mana ba.

Rifkatu: A 2021 ta fara fitar da jadawalin karatun Lahadi. Wanda coci-coci da yawa ke bi na shekara uku ne, A, B da C. Ta yi nata ukun, ta ƙara na shekara guda mai suna W. Kowace Lahadi karatu huɗu: Tsohon Alkawari, Zabura, wasiƙa da Bishara, duk fassararta, an zaɓo su yadda labarin mata zai shiga kunnen jama'a.

Saratu: Anti, mako mai zuwa sai ki ɗauko mana Nowadiya, wadda Nehemiya ya kai ƙararta wurin Allah.

Rifkatu: Aya ɗaya ce tal, 6:14. Ku karanto ta kafin mu haɗu.