Sharhi: Kalmar "Wai" a Alƙalamin 'Yan Jaridar Da

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau ya shafi wata 'yar kalma mai haruffa uku wadda ta daɗe tana yi wa aikin jarida hidima, amma yanzu ba kasafai ake barinta ta leƙo ɗakin labarai ba, wato "wai".

Lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin watan Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana edita, Dokta Rupert East yana kula da aikin, ɗaya daga cikin dalilan da suka sa hukuma ta ga buƙatar jaridar shi ne jita-jitar da ta game gari cewa wai Ingila za ta miƙa wa Hitler Nijeriya. Ke nan da "wai" jaridar Hausa ta fara kokawa. Kuma da yake mutanen nan biyu sun dage a rubuta Hausa kamar yadda ake faɗinta da baki, kalmar ta hau takarda da dukkan ma'anoninta.

Ma'anonin nan kuwa ba ɗaya ba ne. Idan marubuci ya ce "wai ruwa ya cinye gada," yana shaida wa mai karatu ne cewa ji ya yi, bai gani ba, don haka kada a ɗora masa nauyin maganar. Idan kuma ya ce wane "wai shi ne zai ci duniya da yaƙi," to ba labari yake bayarwa ba, ba'a yake yi, har mutum ya ji kamar yana ganin yadda ya taɓe baki. A wani wurin ma suna kawai take gabatarwa, kamar a ce wani gari wai shi kaza. A tuna cewa a wancan zamani mutum ɗaya kan karanta jarida a bayyane, jama'a sun kewaye shi suna saurare, saboda haka muryarsa ce ke raba gardama: ya ɗan ja kalmar ta zama shakka, ya wuce ta da sauri ta zama ruwaya.

Wannan baki biyu nata shi ya jawo mata kora da rediyo ya kankama. Sashen Hausa na BBC ya soma a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, kuma galibin labaran da Turanci suke isowa a fassara su. Editoci ba su yi laifi ba da suka yi kaffa-kaffa da ita, domin tsakanin "gwamna ya ce zai gina asibiti" da "gwamna ya ce wai zai gina asibiti" akwai tazara mai nisa, tun da na biyun ya ƙaryata gwamnan tun bai rufe baki ba. Sai aka koma ga "rahotanni sun ce," da "an ruwaito," da "ana zargin."

A kan wannan na ƙarshen nake da ƙorafi. Zargi a Hausa tuhuma ce, sai da laifi da wanda ake ɗora wa laifin, amma yau sai ka ji an karanta cewa ana zargin mutum goma sun mutu a haɗarin mota. Wa ake zargi a nan, mamatan? Marubucin da ke da "wai" a hannu bai buƙaci tuhumar kowa ba kafin ya nuna cewa bai tabbatar da adadin ba.

Akwai kuma masu ɗaukar waɗannan kalmomi a matsayin garkuwa daga shari'a, alhali a dokar ɓata suna da Nijeriya ta gada daga Ingila, wanda ya maimaita ƙazafi yana iya amsa ƙara kamar wanda ya ƙaga shi, ko da "wai" ya fara jimlar ko da "ana zargin."