Jawabin maraba ga Mai girma Gwamna a ziyararsa gidan gyaran hali, tare da roƙon afuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe, mai girma Kwamishinan Shari'a, Kwanturola da jami'ansa, iyayenmu masu unguwanni, 'yan uwa mazauna wannan gida, sannunku da zuwa, sannunku da zama.

A madadin malaman da muke shigowa nan karantarwa na sa kai, muna yi maka barka da zuwa. Gidan nan ba kasafai manya ke taka shi ba, in ma an zo a ofis ake tsayawa a sa hannu a littafi a juya, amma kai ka ce sai ka shiga ciki ka ga ɗakunan da idonka, Allah ya saka da alheri.

To ranka ya daɗe, mun san yadda aka saba, duk Sallah ko ranar 1 ga Oktoba gwamnati na biya wa masu ƙananan laifuka tara a sallame su, wanda bashin dubu kaɗan ya riƙe shi ya koma gida, kuma wallahi abin a yaba ne. Sai dai akwai waɗanda wannan rabon ba ya kaiwa kansu, masu ɗaurin rai da rai da masu dogon wa'adi, su babu kuɗin da za a biya, su sai afuwa. Kuma afuwar a hannunka take, sashe na 212 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna ikon yafe wa wanda aka ɗaure kan dokar jiha ko ya rage masa wa'adi, bayan ya shawarci kwamitin afuwa na jiha, ga shi kuwa Kwamishinan Shari'a na zaune kusa da kai.

Mutum ɗaya muka zo roƙa wa yau. Ba zan kira sunansa a bainar jama'a ba saboda iyalinsa, yana cikin takardar da za mu miƙa. Yana saurayi ya shigo gidan nan, rigimar iyakar gona ce ta kai ga faɗa, ya ɗaga fartanya, rai ya salwanta. Ba mu zo mu ce bai yi ba, shi kansa bai taɓa musu ba, kotu ta yi aikinta kuma daidai ta yi. Yanzu furfura ta cika masa gemu. A nan ya haddace Alƙur'ani, a nan ya koyi ɗinki har ya zama shi ke riƙe da ɗakin ɗinkin, yaran da ake kawowa kan sara-suka da shaye-shaye shi ake haɗa su da shi, ya zaunar da su gaban keke ya yi ta fama da su, wasunsu sun fita sun buɗe shago suna ci da iyali, shi malamin nasu yana nan. Tambayi ganduroban da suka daɗe a gidan, in hayaniya ta tashi a ɗaki wa suke kira.

Abin da ya ƙarfafa mana gwiwa shi ne magadan mamacin. Dattawan garin sun yi ta zarya tsakanin gidajen biyu shekara da shekaru, har 'ya'yan marigayin da suka girma suka ce sun yafe, a gaban dagaci da liman, kuma sun sa hannu. Aya ta 178 a Suratul Baƙara ta buɗe wannan ƙofa ga masu jini, ta kira shi sassauci da rahama daga Ubangiji. Masu haƙƙi sun sauke nasu, saura na hukuma.

Tun 2019 da aka sa hannu a dokar da ta canza sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, aka ce manufar yanzu gyara ce. To ga wanda ya gyaru. In irinsa bai fita ba, me za mu faɗa wa yaron da ya shigo jiya da shekara 20 a kansa, don me zai wahalar da kansa da karatu? Su fa suna kallo.

Na san za a ce in an sake shi ina zai je, kar ya zama matsala. Dagacinsu ya yarda zai tsaya masa, ƙanensa ya ware masa ɗaki, mu kuma mun yi karo-karo mun tanadi keken ɗinki. In ma sakin gaba ɗaya ya yi nauyi, a mayar da ɗaurin nasa mai wa'adi a lissafa da abin da ya riga ya yi, ko wannan mun gode.

Takardar roƙon na hannun shugaban gidan, haɗe da shaidar yafiyar magada da rahoton jami'in walwala. In an tashi daga nan muna roƙon ka leƙa ɗakin ɗinkin ko na minti biyar, yana can ƙarshen baranda ta hannun dama. Allah ya yi maka jagora, ya mayar da kai gida lafiya. Wassalamu alaikum.