Sharhi: Alfred Sisley, mai zanen da kasuwa ta jira mutuwarsa

Jama'a masu sauraro, a shekarar 1900 an yi gwanjon wani zane a birnin Faris, attajiri Isaac de Camondo ya saye shi kan faran 43,000, kuɗin Faransa na wancan lokacin. Zanen ambaliyar kogin Seine ne a garin Port-Marly, wanda Alfred Sisley ya yi a 1876. Mai zanen bai ga ko anini daga cikin kuɗin ba, domin ya rasu shekara guda kafin nan, cikin talauci.

An haife shi a Faris a 1839, iyayensa 'yan Ingila, mahaifinsa ɗan kasuwa mai hali. An tura shi Landan ya koyi kasuwanci, ya dawo da son zane. A 1862 ya haɗu da matasan masu zane 'yan Faransa, Monet da Renoir da Bazille, a wurin malaminsu Charles Gleyre, suka riƙa fita fili suna zana haske yadda ido ke ganinsa a take. Sai yaƙin Faransa da Jamus na 1870 ya durƙusar da kasuwancin mahaifinsa, rufin asiri ya yaye.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai sauya hanya ba. Renoir ya samu masu kuɗi suna neman ya zana fuskokinsu, Monet ya yi suna har ya mallaki gida da lambu a ƙauyen Giverny. Shi kuwa Sisley ya tsaya kan sararin sama da ruwa, da dusar ƙanƙara a garin Louveciennes, da gada da majami'ar Moret-sur-Loing, garin da ya ƙarasa rayuwarsa. Ku dubi zanen ambaliyar nan: ruwa ya cinye titi, kwalekwale a ƙofar shagon mai sayar da giya, amma ba ihu ba firgici, gajimare ya mamaye kusan rabin allon. Wannan natsuwar ce ta sa masu saye suka wuce shi, kuma a ganina ita ce darajarsa.

Ya nemi zama ɗan ƙasar Faransa bai samu ba. Matarsa Eugénie ta rasu a Oktoban 1898, shi kuma ciwon dajin maƙogwaro ya ɗauke shi ranar 29 ga Janairun 1899. Monet ne ya haɗa gwanjo domin tallafa wa 'ya'yansa biyu. Zanen ambaliyar yanzu yana gidan tarihi na Orsay a Faris.