Kasko a Falon Manchesta: Jawabin Ma'aji ga 'Yan Jos

Shugaba ya ba ni minti goma in karanta rahoton kuɗi. Zan karanta, amma ku yi mini haƙuri tukuna, tun daren Talata barcina bai cika ba.

Wasu sun ji, wasu ba su ji ba. Wani ɗan'uwanmu, ba zan kama suna ba, ya kashe boilar gidansa, wato na'urar da ke ɗumama gida da ruwa, tun farkon Nuwamba saboda bil ɗin gas da ya gani. Da sanyi ya kai masa karo, sai ya ɗauko abin gashin nan da muka gasa nama da shi ranar Babbar Sallah, ya zuba gawayi, ya shigo da shi falo, ya rufe ƙofa da taga. Shi da uwargida da yara uku. Allah ne Ya tashi babbar 'yar da amai cikin dare, ta daure ta kira 999. Kwana biyu suka yi a asibiti. Sun dawo, alhamdu lillahi. Amma da yarinyar nan ba ta farka ba, da yau maganar likkafani biyar muke yi a ɗakin nan.

Ban ga laifinsa sosai ba, domin na san inda ya samo dabarar. Wa a cikinmu bai taso da kasko ba? A Gangare, a Anguwan Rogo, a Rikkos, Disamba na kamawa kaka ta zuba garwashi, mu zagaye, ana gasa dankali a gefe, ƙafafu duk kaushi. Sai dai ɗakin can yana shan iska ta ƙarƙashin ƙofa da ta jikin kwano, kuma ko a can ana jin waɗanda suka kwanta da gawayi ba su tashi ba. Gidan nan kuwa an toshe shi kamar kwalba. Iskar kabon monoksaid, gubar da gawayi ke fitarwa, ba ta da wari, ba ta da launi, kasala kawai za ka ji ka ce barci ne.

Mu ne masu cika wa Kanawa da Sakkwatawa baki cewa mun san sanyi, garinmu na kan tudu, kusan mita 1,200. Gaskiya ne. To amma sanyin Jos na asuba ne da dare, ƙarfe goma rana ta fito ka tuɓe rigar gwanjon Katako ka ci gaba da harkarka. Wannan na nan wata biyar yake zaune a cikin bango. Hukumomin lafiya na ƙasar nan sun ce kada ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 18, musamman inda akwai tsoho ko mara lafiya. Gida mai sanyi kuma shi ke jan danshi, danshi ya kawo baƙin funfuna a bango. Ga Rochdale nan kusa da mu, inda yaron nan Awaab Ishak, ɗan shekara biyu, ya rasu a Disambar 2020 saboda funfunar gidan haya.

Na san kuɗin gas ba wasa ba ne. Tun da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022 farashi ya haukace, har gwamnati ta shiga tsakani a Oktoban shekarar ta tsayar da bil ɗin matsakaicin gida a fam 2,500 a shekara. Daga nan mutanenmu suka rabu biyu. Akwai masu barin hita dare da rana, ka shiga gidansu ka tarar da maigida da singileti ana gumi, ƙarshen wata a zo ana salati. Akwai kuma masu kashewa gaba ɗaya, irin ɗan'uwanmu. Dukansu ba sa iya juya boilar ne yadda suke so.

Shi ya sa nake maganar tamostat mai haɗuwa da intanet. 'Yar na'ura ce, rabi a jikin boila, rabi a falo, kana juya ta daga waya. Ka ce mata gida ya ɗumama kafin Asuba, ya sauka idan yara sun tafi makaranta, ya sake tashi kafin su dawo. Masu tasi da masu aikin dare a gidajen kula da tsofaffi, ku ne za ku fi morarta, tunda ba ku da tsayayyen lokacin dawowa. Amma kada wani ya yaudare ku da cewa za ta raba bil biyu. Wanda dama yake taka-tsantsan, rangwamen da zai gani kaɗan ne. Amfaninta a wurina shi ne mutum ya daina tsoron boilarsa.

Kafin ka sayi komai, je ka duba abin da ke gidanka. Idan boilarka irin kombi ce, mai dafa ruwa nan take ba tanki, mafi arha ta wadatar da kai. Idan akwai tankin ruwan zafi a cikin kabad, to nemi wadda ke juya hita da ruwa daban-daban, in ba haka ba ka sayi rabin abu. Masu zama a bene mai hitar lantarki, wadda ke tara zafi da dare, ku ajiye kuɗinku, waɗannan ba domin ku aka yi su ba. Kasuwar kuwa ga Hive, ga tado, ga Drayton Wiser, ga Honeywell. Akwai ta ƙasa da fam 100, akwai ta sama da 200, ban da ladan mai haɗawa. Ni dai ra'ayina a sayi mai sauƙin. Mai tsadar wai tana koyon ɗabi'un masu gida ne. Gidan Bahaushe da baƙi ke shiga su fita har sha ɗayan dare, wace ɗabi'a za ta koya?

Ku tambayi mai sayarwa ko akwai kuɗin wata-wata, domin wasu kamfanonin suna ɓoye rabin aikin manhajar sai ka biya. Ku kuma yi hattara da tsohuwar hannu a eBay. Google ya daina tallafa wa tsofaffin tamostat ɗinsa na Nest a Oktoban 2025, wanda ya sayi irinsu ba zai juya ta da waya ba. Sannan ku tabbatar ana iya murɗa ta da hannu. Iyayenmu suna zuwa jego daga Jos, a bar Hajiya da jariri a gida, waifai ya ɗauke, kai kana wurin aiki. Ya za ta yi? Kasko za ta nema, wallahi.

'Yan haya, ku nemi izinin mai gida a rubuce. Ku kuma tuna masa cewa tun Oktoban 2022 doka ta ɗora masa sa ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin da boila take. Injiniyoyinmu na YouTube kuma, don Allah don Annabi, wayar nan wutar gida ce, bolt 230. Duk wanda zai buɗe boila ya nuna muku katin Gas Safe, shaidar cewa yana da rajistar yin aikin gas.

Yanzu abin da ya fi ci mini rai. Ɗan'uwan nan ya kira ni tun Oktoba, ya ce ko asusun taimako zai ranta masa. Na duba, babu. Da bakina na ce masa babu. Fiye da rabinmu ba su biya kuɗin wata ba tun bayan Sallah, amma ranar da aka ce ankon biki, cikin kwana biyu kowa ya tura. Da mun biya, da ya kunna boilarsa, da gawayi bai shiga falon nan ba. A Jos idan maƙwabci ya kwana ba wuta, ai da safe kowa ya sani. A nan bangonmu ɗaya ma sai mu yi wata ba mu ji tarin juna ba.

Rahoto a gurguje: an biya hayar zauren nan har Maris, kuɗin malamin Islamiyya ya fita, gudummawar marayun Bukuru ta isa, rasit na wurin sakatare ga mai son gani.

Ina roƙon a amince yau a saya wa kowane gida ƙararrawa daga kuɗin da zai shigo, abin da ya rage a ranta wa masu son tamostat su biya a hankali, gidan ɗan'uwanmu a farko. Kowa ya ɗauki hoton boilarsa ya turo mini kafin Juma'a. Littafin na nan a hannuna, ga na'urar kati na aro. Hajiya, a riƙe masa da miyar tukuna, kada a buɗe kula sai layin nan ya ƙare. Alhaji Shugaba, da kai za mu fara, wata huɗu ne a kanka.