Saukowa ta fi hawa wuya

Assalamu alaikum jama'a. Wancan da kuke hangowa ta bayan Wusasa a nan Zariya, Dutsen Kufena ke nan. Kwanan nan kowa ya zama mahayin dutse, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello daga Samaru da Kongo, kowa da hotonsa a can sama. Sai gardama ta kaure a majalisarmu: in za a yi zagaye, wato a hau ta fuska ɗaya a sauko ta wata, a ina wuyar take? Kowa ya ce hawa. Na ce to, ku biyo ni.

Shiri a gurguje: ruwa, dabino, hula, takalmi mai kama ƙasa. Ku dubi ƙafar wannan bawan Allah. Silifas! Allah ya shirya. A fita bayan asuba, a kuma gaya wa na gida inda aka nufa.

Masu hawan duwatsu suna da wani tsohon lissafi na William Naismith, mutumin Sikotland, tun 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Kun lura? Bai ƙara wa gangare ko minti ɗaya ba. Mu ma haka muke lissafi a zuci, kuma nan ne ake shan mamaki.

Hawa dai ga shi: haki, gumi, hutu, a ci gaba. Ga mu a sama, ga Zariya a shimfiɗe. Ku sha kallo, bari in yi shiru.

Yauwa. Yanzu aikin ya fara. Wanda ya koma ta inda ya hau ya san kowane taki. Mai zagaye kuwa baƙo ne a hanyar sauka, ga gajiya, ga rana ta take, ruwan gora ya yi ƙasa. Daga ƙasa kana ganin inda za ka dafa; daga sama ƙundun dutsen ya ɓoye maka abin da ke gaba. Kuma yanzu cinya birki take takawa, tana tare nauyinka duk taki. Shi ya sa ƙafa ke rawa, shi ya sa jibi in ka zo zaman tahiya za ka tuna da ni.

Ku kalli yadda na gaba yake yi. Taki ƙanana. Gwiwa a ɗan lanƙwashe. Ba ya miƙe gangaren, karkacewa yake, dama, hagu. Bai kwanta da baya ba, domin mai kwantawa da baya dunduniyarsa ce ke zamewa. Kafin ya fara ya ƙara ɗaure igiyar takalmi, kada yatsu su riƙa dukan gaba, farce ya mutu. Wannan tsakuwar da ke kan falalen dutse, ku guje ta. In kuma an yi yayyafi, santsin ya fi na miyar kuɓewa. Ni dai ranar ba na hawa. Inda ya yi tsayi, a zauna a sauka da hannu, ba abin kunya ba ne.

Mai burin Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, a nan ya kamata ya koyi sauka. Ya bar wa gangare rabin ruwansa, ya kuma tsayar da lokacin juyawa tun daga gida, an kai sama ko ba a kai ba.

Mun iso gindin dutse. Mai silifas fa? Ɗan ɗaga kyamarar. Ga shi can, silifas a hannu, yana tahowa da jan gindi. Bari mu jira shi a inuwa.