Jawabi Kan Lardin Dersim a Taron Ƙungiya a Birnin Kolon

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, malamai, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da wannan zama.

An ɗora mini nauyin yin bayani kan maƙwabtanmu 'yan Dersim, waɗanda muke cuɗanya da su a wuraren aiki a nan Jamus, amma yawancinmu Turkawa kawai muke ce musu. Wani abokin aikina yana rataye da sarƙa mai lamba 62 a wuyansa. Da na tambaye shi, sai ya ce lambar motocin lardinsu ce, kuma sunan da gwamnati ke kiran lardin da shi, wato Tunjeli, ba ya fita daga bakinsa.

Lardin yana cikin duwatsun gabashin Turkiyya, kogin Munzur ya ratsa shi, kuma jama'arsa ba su kai dubu 100 ba. Akasarinsu Alawiyyawa ne, wato mabiya tafarkin addini na Alevi na Turkiyya, masu harshen Zaza, wasu kuma Kurdanci na Kurmanji suke yi. Shekaru aru-aru shugabannin dangi da shehunan addini ne ke riƙe da jama'a, haraji da aikin soja ba sa shiga duwatsun nan sai da kyar. A ƙarshen 1935 majalisar Ankara ta kafa dokar da ta sauya sunan daga Dersim zuwa Tunjeli, ta kuma damƙa mulki a hannun Janar Abdullah Alpdogan, wanda ya zama gwamna kuma kwamandan soja, har da ikon kwashe mutane daga ƙauyukansu. Farmakin sojan da ya biyo baya a 1937 da 1938 bai yi daɗin ji ba. An rataye Sayyid Riza, jagoran dangi kuma shehin addini na yankin, a birnin Elazig, an kashe dubbai, an watsa da yawa daga cikin waɗanda suka tsira zuwa yammacin ƙasar. Sai a 2011 Erdogan, yana firaminista, ya nemi afuwa, ya ambaci mutum 13,806 da takardun gwamnati suka nuna an kashe, adadin da 'yan yankin ke cewa an rage shi ƙwarai.

A yau gundumomi takwas ne a lardin, Ankara ke naɗa gwamna, a ƙa'ida kuma jama'a ne ke zaɓen magajin gari, kuma a ganina wannan rabon iko shi ne tushen ja-in-jar da ba ta ƙarewa. A 2019, bayan sun zaɓi ɗan kwaminisanci Fatih Machoglu magajin babban garin lardin, majalisar garin ta yanke shawarar mayar da sunan Dersim a allon ofishinta. Ofishin gwamna ya garzaya kotu, kotu kuma ta dakatar da shawarar.